Shin Kwamfuta Za Ta Iya Auna Gwanintar Likitan Tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Za a cire wa mahaifiyata maɗaciya ta ƴan ƙananan huji, ba tare da an tsaga ciki ba. Na ji wai yanzu kwamfuta ce ke duba ko likita ya iya aiki. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Akwai ƙamshin gaskiya. A irin wannan tiyata ana hura iska a ciki, a zura kyamara ta huji ɗaya, kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo. Ke nan duk motsinsa ana iya naɗa shi a bidiyo, kuma da bidiyon ake koyar da ƙirƙirarriyar basira. A Strasbourg ta Faransa an tara bidiyon cire maɗaciya 80, aka koya wa kwamfuta gane matakin da ake da kayan aikin da ke hannu. Sai dai har yanzu abin ya fi yawa a bincike da horo. Ki tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aiki, ba rashin kunya ba ne.

Tambaya: Likita, ashe ba duk takarda ɗaya kuke da ita ba? Me za a auna kuma?

Amsa: Malam, takarda ɗaya, hannu daban. A 2013 a jihar Michigan ta Amurka, likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba suka miƙa bidiyonsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin mai bidiyon ba. Marasa lafiyar waɗanda suka zo ƙasa sun samu matsala kashi 14.5 cikin ɗari, na waɗanda suka zo sama kashi 5.2. Matsalar ita ce babban likita ba shi da lokacin zaman kallon bidiyo, ga gajiya, ga son rai. Kwamfuta ba ta gajiya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin likita ne. Na'ura ce za ta ba mu maki nan gaba?

Amsa: Wani ɓangare dai, ɗana. Tana iya lissafa tsawon tafiyar almakashi, rawar hannu, da daƙiƙun ɗaura zare. Jami'ar Johns Hopkins ta tattara irin waɗannan bayanai daga likitoci 8 da suka yi ɗinki da ƙulli a kan abin gwaji ta amfani da mutum-mutumin tiyata mai suna da Vinci. To amma mutum takwas a kan abin gwaji ba su ne ɗakin tiyata ba. Wani cikin cike yake da tabon tsohon aiki, hanji ya manne, dole gwani ya bi a hankali, na'ura kuwa sai ta ɗauka sanyin jiki ne. Haka nan likitan da ya kasa ganin bututun maɗaciya sarai ya ce a buɗe ciki, ya ceci mara lafiya, ko da makinsa ya faɗi. Ka riƙa naɗar aikinka, da izinin mara lafiya, ka zauna da malaminka ku kalla tare.