Amsa: Me ya sa tarina ba ya canzawa a R?

Ka ce ka gina tari, wato jerin da abin da aka ɗora ƙarshe shi ake fara cirowa, a harshen kwamfuta na R, amma bayan ka kira `tura(t, 5)` don ɗora 5 a kan tarin naka mai suna `t`, sai ka tarar `t` yana nan yadda yake. Dalili shi ne, idan fankishin (wato jerin umarni da ake kira da suna, kamar `tura`) a R ya canza abin da aka miƙa masa, kwafinsa yake canzawa, kuma kwafin yana ɓacewa da zarar aikin ya ƙare.

Kana iya rubuta `t <- tura(t, 5)`, sai dai wajen cirowa dole fankishin ya dawo da abu biyu, wato abin da aka ciro da ragowar tarin, kuma wannan yana gajiyarwa.

Ni na fi son muhalli (environment), wato ma'ajiyar sunaye da abubuwan da suke ɗauke da su, domin R ba ya kwafarsa idan an miƙa shi ga fankishin. Ka ƙirƙira shi da `new.env()`, ka ajiye jerin a ciki, duk canjin da ka yi zai tabbata. Alamar `<<-` ma tana aiki, domin tana canza abin da suna ke ɗauke da shi a wajen fankishin, amma a yi hattara da ita: idan ba ta sami sunan a muhallan da ke kewaye da fankishin ba, a babban muhallin shirin gaba ɗaya za ta ƙirƙira shi ba tare da gargaɗi ba. Na taɓa shafe yini guda ina neman irin wannan kuskure.

Ka kuma tabbata tarin ba wofi yake ba kafin ka ciro. Idan shirin da ka rubuta zai shiga aikin da wasu suka dogara da shi, ka duba kunshin R6, wato ƙarin kayan aiki na R da ke gina abubuwa a kan muhalli, sannan ka nemi gwani ya duba maka.