Amsa ga mai shirin komawa garinsu bayan shekara 30

Ɗan'uwa, ka ce shekararka 30 a ƙasar waje, kana tambaya ko ka sayar da komai ka tattara ka koma garin da ka tashi. Ni dai a ganina kada ka yi gaggawa. Fara zuwa ka yi kamar wata uku, domin idan mako biyu ne, kowa lallaɓa ka zai yi a matsayin baƙo, ba za ka ga ainihin zaman ba.

Ranar da na koma bayan shekara 24, ina tsaye a ƙofar gidanmu sai wani yaro ya leƙo ya ce, "Baba, wa kake nema?" Wallahi sai da na yi hawaye. Bishiyar da muke hawa an sare ta. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne mutanen da na yi ta tambaya ana ce mini sun rasu.

Kafin ka tashi, ka tabbatar kuɗin fanshonka zai riƙa iso maka, ka riƙe takardun asibitinka, kuma kada ka bari izinin zamanka ya ƙare. Ka zauna da 'ya'yanka ku yi magana sosai, domin su ba su taɓa kwana a garin ba.