Me ya sa aka shimfiɗa dogo a bakin teku?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani jirgin ƙasa a Ingila igiyar ruwa tana dukan taragunsa yana tafiya. Me ya kai injiniyoyi gina layi a nan, alhali ga tudu? Ko don masu yawon buɗe ido aka yi?

Amsa: Da alama layin Dawlish ka gani, a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Kallon teku kyauta ce da fasinja ya samu daga baya. Hawa injiniyan ya guje wa.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da kamu irin na tayar mota a kan kwalta. Hawan da tirela za ta haye da giya ta biyu, jirgi sai ya tsaya yana sulɓi. Tsakanin garuruwan Exeter da Newton Abbot akwai tsaunukan Haldon, don haka injiniyan layin, Isambard Kingdom Brunel, ya kewaye su: ya bi gaɓar kogin Exe, ya bi bakin teku, ya shiga gaɓar kogin Teign. Aka buɗe layin zuwa garin Teignmouth a 1846. Inda jan dutse ya tsoma ƙafa cikin ruwa, sai ya huda shi. Ramuka biyar ne tsakanin Dawlish da Teignmouth, jirgi yana fita wannan yana shiga wancan. Sauran wurin katanga ce aka gina, aka cike bayanta, aka ɗora dogo.

A ganina Brunel ya samu sauƙin aiki, ya bar wa jikoki biyan bashi. Teku tana rarake gindin katanga, tana kwashe tsakuwar da ke riƙe da dogo, gishiri yana cin ƙarfe, dutse kuma yana zaftarowa daga sama idan ya sha ruwan sama. Har wasu jiragen zamani, ƙirar Voyager, sun sha mutuwa a kan hanya saboda feshin ruwan gishiri ya taɓa na'urorin lantarkin da ke rufinsu.

A Fabrairun 2014 guguwa ta fasa katangar, wajen mita 80, ta bar dogo yana reto a iska kamar igiyar shanya. Birnin Plymouth da yankin Cornwall suka yanke daga sauran layukan ƙasar wata biyu. Ma'aikata sun jera kwantenoni cike da duwatsu suka tare ruwa, sannan suka samu damar gyara. Aka sake buɗewa ranar 4 ga Afrilu.

Sabuwar katangar da Network Rail, hukumar kula da layukan dogo ta Birtaniya, ta gama a 2023 ta ci kimanin fam miliyan 80. Ta fi tsohuwar tsawo, amma dabarar tana a bakinta: an lanƙwasa shi wajen teku, igiya na hawowa sai ya juya ta ya mayar da ita inda ta fito.

In Allah ya kai ka, ka tashi daga Exeter, ka nemi kujerar taga ta hannun hagu.