Abin da injiniya yake nufi idan ya ce ka yi "calculate"

Ɗana, ka tambaye ni abin da injiniya yake nufi da yake yawan ce maka "calculate", kuma ko daidai yake da ƙiyasin da kake ganin ina yi da ido idan muka shiga fili. To, ba ɗaya ba ne, amma Turawa kansu sukan cakuɗa su, shi ya sa ka rikice.

Ma'anarta ta farko ita ce lissafi da lamba: ka auna, ka ninka, ka cire, ka fitar da adadin da in wani ya sake bin sawunka zai samu irinsa. Ɗauki bangon ɗaki mai tsawon mita 4, tsayi mita 3. Murabba'in mita 12 ke nan. Bulo mai inci 9 fuskarsa santimita 45 ce da 22 da rabi, don haka kusan guda 10 ke cike murabba'in mita ɗaya. Ka samu 120. Akwai ƙofa mai faɗin santimita 90, tsayi mita 2.1, wurinta zai ci bulo wajen 19, ka cire, saura 101. Wannan shi injiniya yake so daga gare ka, da tef a hannu da biro, ba "ina jin zai kai ɗari" ba.

Sai dai ba za ka ce wa mai gida ya sayo 101 ba. Wasu za su fashe wajen saukewa daga mota, wasu ka sare su a kusurwa. Ni nakan ƙara biyar a kowane ɗari, in kuma na ga bulon ba shi da isasshen siminti, yana marmashewa a hannu, in ƙara fiye da haka. Nan ne ƙiyasi ya shigo, kuma ba a koyonsa a takarda. Abin da zai ba ka mamaki, Bature yakan yi amfani da kalmar a nan ma, ya ce ya yi "calculate" aikin zai ɗauki mako uku, alhali kintace ne kawai ya yi. Don haka in ka ji ta, ka duba ko lamba ce aka auna ko zato ne.

Asalinta kuwa na gidanmu ne, mu magina. Daga Latin take, harshen Romawa, inda "calculus" ke nufin 'yar tsakuwa. Da tsakuwoyi suke lissafi, suna jera su a kan allo mai layuka, layin ɗaiɗai, na gomomi, na ɗaruruwa, suna turawa suna kwashewa. Kakanninmu ma haka suka riƙa kasa kuɗin wuri biyar-biyar a kasuwa har ya kai keso, wato dubu 20. Masana suna danganta "calculus" ɗin da "calx", dutsen farar ƙasa, wanda shi ake ƙonawa a yi siminti a Obajana da Kalambaina. Daga wannan "calx" ne Humphry Davy, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, ya raɗa wa sinadarin kalsiyam suna a 1808. Kalmar "calculate" ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kalkuletar da ke cikin wayarka ma daga can ta fito. Likitoci har yau da sunan tsakuwar Romawan suke kiran tsakuwar ƙoda.

Akwai wata ma'ana da nake so ka kiyaye, tunda kana cuɗanya da 'yan kwangila masu Turanci. In aka ce abu "calculated" ne, ana nufin da gangan aka yi shi, an shirya. In kuma ka ji an kira mutum "calculating", kada ka taya shi murna, ba yabon iya lissafi ba ne. Ana nufin ba ya gaishe ka sai ya auna abin da zai samu a jikinka.

Gobe kafin leburori su fara kwaɓi, ka auna bangon baya, mai taga biyu, ka rubuta mini lambobi biyu daban: abin da tef ya ba ka, da abin da za ka ce a sayo.