Ta yaya matar da mijinta ya rasu ta mallaki bayi 750 a Amurka?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka ta ƙarni na 19 matar aure ba ta da ikon mallakar dukiya. Sai kuma na karanta cewa wata mata a Nashville ta mallaki gandaye da ɗaruruwan bayi. Ta ina dukiyar ta shigo hannunta, kuma ana iya gano su wane ne bayin?

Amsa: Malama, duka biyun gaskiya ne. A mafi yawan jihohin Amurka na wancan zamani, mace tana yin aure dukiyarta take komawa ƙarƙashin ikon miji, saɓanin abin da muka sani a fiƙihu, inda dukiyar mace tata ce ko ta yi aure. Amma wadda mijinta ya rasu tana iya saye da sayarwa, ta kai ƙara kotu da sunanta. Matar da kike nufi ita ce Adelicia Acklen.

An haife ta a Nashville, jihar Tennessee, a 1817. Mahaifinta, Oliver Bliss Hayes, lauya ne. A 1839, tana da shekara 22, ta auri Isaac Franklin mai shekara 50. Asalin dukiyar Franklin fataucin bayi ne. Bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, sai kasuwar ta koma ta cikin gida. Kamfaninsa da John Armfield yana sayen mutane a yankin Virginia, ya tara su a Alexandria, ya tura su kasuwannin Natchez da New Orleans, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa a ɗaure da sarƙa. Da ribar nan ya sayi gandun Fairvue a Tennessee da gandayen auduga a Louisiana.

Ya rasu a 1846, ya bar eka wajen 8,700 a Louisiana, da fili a Texas, da bayi kimanin 750. Amma wasiyyarsa ba ta ba matar komai da komai ba. Ta ware babban kaso don kafa makaranta, ta kuma rage abin da za ta samu idan ta sake aure. Abu biyu suka juya lamarin. Na farko shari'a: an ƙalubalanci wasiyyar, a 1852 kotun ƙolin Louisiana ta soke tanadin makarantar dangane da dukiyar da ke jihar. Na biyu mutuwa. 'Ya'ya huɗu ta haifa wa Franklin, babu wanda ya girma. 'Ya'ya mata biyu sun rasu a shekarar da ubansu ya rasu, ta ƙarshe, Emma, ta bi su a 1855. Rabon yaran ta hanyar gado ya dawo wa uwa.

Da za ta auri lauya Joseph Acklen a 1849, sai da ya sa hannu a takardar cewa dukiyarta tana nan a matsayin tata. Ba don wannan takarda ba, da ikon dukiyar zai iya komawa hannun miji ranar ɗaurin aure. Shi ya riƙa kula da gandayen, tare suka gina gidan Belmont a Nashville. Sun haifi shida, tagwaye mata suka rasu suna ƙanana, ɗansu Joseph Hayes Acklen kuma ya zama ɗan majalisar tarayya daga Louisiana.

Mijinta Acklen ya rasu a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Damin auduga 2,800 na jibge a gandu, sojojin Kudu na shirin ƙone su don kada su faɗa hannun na Arewa. Adelicia ta tafi Louisiana da kanta, ta yi ciniki da ɓangarorin biyu, aka fitar da audugar ta New Orleans, aka sayar a Ingila kan kimanin dala 960,000. Masu ba da labarin sukan yaba wayonta su tsaya nan. Wayon kam akwai shi, sai dai kowane dami bayi ne suka tsince shi da hannu ba a biya su ko kwabo ba.

Ta yi aure na uku da likita William Cheatham a 1867, ta rasu a New York a 1887. Belmont yanzu jami'a ce. Gandayen Louisiana kuwa an sayar wa Samuel James a 1880, wanda yake karɓar hayar fursunoni daga gwamnati ya sa su noma. A 1901 jiha ta karɓi filin, shi ne gidan yarin jihar na yau da ake kira Angola.

Gano bayin ya fi wuya. Kada ki fara da ƙidayar bayi ta 1850 da ta 1860: sunan mai su kawai take ɗauke da shi, su kuma shekaru da jinsi da launin fata aka rubuta. Ki fara da ƙidayar 1870, wadda ta fara kawo 'yantattu da sunayensu, ki duba waɗanda ke zaune kusa da tsohon gandun. Daga nan ki koma baya zuwa takardun hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, inda ake samun kwantiragin aiki da rajistar aure. Sai takardun rabon gado. Saboda an yi shari'a kan dukiyar Franklin, an lissafa bayinsa da suna da shekaru da kuɗin da aka ƙiyasta musu.

Inda masu bincike ke zamewa shi ne ɗaukar cewa kowane bawa ya ɗauki sunan ubangidansa bayan 'yanci. Da yawa sun zaɓi wani daban. Shekarun ma ƙiyasi ne, sukan bambanta daga takarda zuwa takarda, kuma gandu ɗaya na iya samun mata uku masu suna ɗaya. Don haka kada ki yarda da suna shi kaɗai, sai kin ga uwa da 'ya'yanta sun bayyana tare, a jere iri ɗaya, a takardu biyu ko fiye.