Fitilun falo na ƙiftawa, rediyon Baba na shuu

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina zaune a Agege. Bara muka cire tsofaffin kwayayen lantarki muka sa na LED a falo da ɗakin cin abinci, kowanne da makunninsa na rage haske, wato dima, duk biyun a akwati ɗaya jikin bango. Da na rage hasken falo sai na ɗakin cin abinci su kama ƙiftawa, rediyon surukina kuma ya hau shuu har bai jin labaran BBC na safe. Mai gyara ya ce sai an sake wayar gidan gaba ɗaya. Haka ne?
Wata uwar gida, Agege, Legas

AMSA: Hajiya, kar ki yarda a fasa miki bango tukuna. Kin ce kwai kuka canja, ba ki ce kun canja dima ba, kuma nan nake zargi.

Tsohuwar dima an yi ta ne don kwai mai zare, irin mai wat 60 ko 100. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ita kuma dimar tana datse farkon kowane rabin zagaye, sau 100 ke nan a daƙiƙa. Kwai mai zare bai damu ba, zarensa ba ya saurin hucewa. Na LED kuwa akwai ɗan injin lantarki a gindinsa, duk datsewar da aka yi yana jin ta. Ga shi yawancin waɗannan dimomi suna son nauyin kusan wat 40 kafin su tsaya da ƙafafunsu, kwai huɗu masu wat 6 kuwa 24 ne kacal. Sai dimar ta riƙa kamawa tana saki. Hayaniyar da wannan ke haifarwa tana bin waya ta shiga maƙwabciyarta, tunda layi ɗaya ke ba su wuta, kuma ita ce rediyon Baba ke kamowa. Gajeren zango ba ya jure irin wannan ko kaɗan.

Gwajin da nake yi ba ya cin kuɗi. Ki kashe wuta, ki cire LED ɗaya a falo, ki ɗaura tsohon kwai mai wat 60 a gurbinsa. In ƙiftawar ta tsaya, laifin dima ne. Sai a sayo wadda aka rubuta LED a kwalinta, irin mai datse ƙarshen zagaye, ana samu a kasuwar Alaba. Yawancinsu suna da 'yar ƙusa da ake murɗawa a saita iyakar dushewa. Ki kuma duba kwalin kwan da kansa, don ba kowane LED ke karɓar dima ba, dole a ga an rubuta “dimmable”. Kar a gauraya kamfani biyu a kan makunni ɗaya. Na taɓa ɓata yini guda a wani gida a Idi-Araba ina bin waya, ashe kwai ɗaya ne baƙo cikin shida.

Sai kuma abin da Legas ta ƙara mana. Ki lura ko matsalar tana zuwa a wutar NEPA, ko sai an tayar da janareta ko an koma inbata. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, inbata mai araha kuma ba ta fitar da zagaye mai santsi, dima ba ta shiri da su. A lokacin ki bar hasken a ƙure kawai.

Inda zan goyi bayan mai gyaranki wuri ɗaya ne. In fitilun wasu ɗakuna ma suna ƙara haske ko dushewa idan firji ko injin jan ruwa ya tashi, ko kika ji akwatin makunni da zafi ko ƙauri, to wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta saki a wani wuri. Wannan tana ƙona kaya, tana iya ta da gobara. Ki sauke babban makunni ki kira shi ya ɗaure mahaɗun tun daga allon rabon wuta, kar ki taɓa da hannunki.

Rediyon Baba kuwa, kafin a sayo sabuwar dima, a sa masa batir a matsar da shi bakin taga.