Tambaya da Amsa: In sayi MP4 ko in haƙura?

Tambaya: Salam Malam, ɗalibi ne daga Birni, Damagaram. Na ga ƴar MP4 a Kasuwar Dole, ina so dan sauraren karatu da kallo, tana da kyau kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. In dai sauraro ne wallahi ba laifi, ba ruwanta da rezo balle kiredi, ko an ɗauke kuran tana jimawa da caji, kuma mai jiga 8 tana cin waƙa wajen 2000. Kallo kam sai haƙuri, allon ɗan mitsitsi ne, masu arahar da yawa wani irin tsarin bidiyo da ake kira AMV kaɗai suke karantawa, sai an juya maka fim ɗin a kwamfuta. Kar ka bar ta a rana, zafin Afrilu kumbura batir yake. Ka gwada ta gaban mai shago kafin ka biya.